Karen da Ake Jiƙa wa Abinci

"Wai tsakanin ɗan kwikwiyo da babban karen da aka tsinto, wanne ne ba zai ciji yaro ba?"

Wata mata ce ta yi tambayar nan ranar Asabar a shagon abincin dabbobi, da jaririnta a kafaɗa. Mai shagon ya ce ai kwikwiyo ya fi, tunda a hannunki zai tashi. Ina tsaye a bayanta da buhun abincin kaji. Ni ba mai magana a cikin mutane ba ce, sai na yi shiru, na biya na fito. Amma tambayar ta biyo ni har gida, shi ya sa na zauna na rubuto muku wannan. Sunayen mutanen kawai na sauya.

Akwai wani makaniki mai suna Brodie. Ya baro birni ya koma wani ƙaramin gari na masu kiwon tumaki a yammacin jihar Victoria, can ƙasar Turawa, saboda ya samu aikin gyaran taraktoci. Hannunsa yana da kyau a aiki, wannan ba mai musu. Matsalarsa ɗaya ce, in ya faɗi magana to ta zauna.

Matarsa Sharni shekarunta ashirin da uku. Ba ta yi nisa a karatu ba, kuma ba ta iya ja-in-ja ba. Ta fi iya kallo. Suna da 'ya ɗaya, Immy, mai shekara biyu da rabi.

Gidan da suka kama yana ƙarshen gari. Daga bayan shingensu filin kiwon wata tsohuwa ya fara, Misis Tonkin. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai take riƙe da tumakinta na ulu.

Da suka zauna suka natsu, sai suka ce gida mai fili haka yana son kare.

Brodie ya riga ya ga wanda yake so a waya. Ɗan kwikwiyo baƙi mai manyan ƙafafu, jinin karnukan farautar aladen daji, da takardar asali har ta kakanninsa.

Ita kuwa Sharni ta ɗauki Immy ta je gidan da ake ajiye karnukan da aka tsinta. A kejin ƙarshe ta ga wani babban kare, shi ma baƙi, kunne ɗaya a yage, wuyansa duk tabo. Sunansa Gus. Matar da ke kula da wurin ta ce a bayan wani kango aka same shi, ɗaure da sarƙa jikin matacciyar mota.

"Shekaru ya yi yana taunar sarƙar," in ji matar. "Duba ki gani."

Ta ɗaga leɓensa. Babu haƙori ko ɗaya mai tsini. Duk sun cinye har dasashi, sai 'yan guntaye kamar tsakuwar rafi.

"Sai an jiƙa masa abinci. Ba wanda ke son wahala, ga muni. Ranar Juma'a za mu yi masa allura ya huta."

Immy ta zura hannu ta cikin wayar kejin. Gus ya kwanta a hankali, ya ajiye haɓarsa a ƙasa, ya bar ta tana jan yagaggen kunnen.

Da yamma Sharni ta nuna wa mijinta hotonsa.

Brodie ya kwashe da dariya. "Wannan tsohon buhun? Haba Shar. Kwikwiyo farar takarda ce, abin da ka rubuta shi za ka karanta. Wannan fa, wa ya san abin da aka rubuta a kansa? Dubi fuskarsa, kamar wanda ya tsere daga gidan yari."

"Ranar Juma'a za a yi masa allura," ta ce a hankali.

"To ni na ɗaure shi? Na gama magana. Gobe zan ɗauko nawa."

Ya ɗauko, ya sa masa suna Diesel.

Ranar Alhamis Sharni ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da suka yi aure. Ba ta tambayi kowa ba, ta je ta ɗauko Gus.

Da Brodie ya dawo ya gan shi, ya yi ƙwallo da bokitin ruwa har ya fashe a jikin bango. Ya yi ta faɗa. Da ya gaji sai ya nuna ta da yatsa.

"Zai zauna a bayan gida, a ɗaure. Ranar da ya nuna wa 'yata haƙori, ni da kaina zan fasa masa kai."

"Ai ba shi da..."

Ya riga ya shige ciki ya bugo ƙofa. Daga ranar bai ƙara matsawa kusa da Gus ba, balle ya san abin da ke bakinsa. Sharni ce ke zuba masa abinci a ruwan ɗumi safe da yamma, ta jira ya yi laushi, ta kai masa.

Diesel kuwa ɗan gata ne. A cikin wata goma ya zama ƙato. Brodie yana da wata tsohuwar fatar tunkiya da ya cire daga kujerar motarsa, da ita suke wasa kullum. Ya jefa, Diesel ya cafke, ya yi ta girgiza kai har ulu ya tashi sama. Brodie yana tafi yana cewa, "Kama! Kama, namiji!"

Wata rana Misis Tonkin ta tsayar da a-kori-kurarta a bakin shinge, ta ɗan kalle su.

"Yaro, ka daina wasan nan da fatar tunkiya. Kuma ka riƙa ɗaure shi. A nan kare ba ya yawo shi kaɗai."

"Karena ba fursuna ba ne, Kaka."

"Ni ba kakarka ba ce. Da ni ce, da ka fi haka hankali."

"In tsoro kike ji, ga abin tsoro can," ya nuna Gus. "Matata ta kwaso mana shi daga bola."

Tsohuwar ba ta ko kalli inda ya nuna ba. Ta ce, "Na dai faɗa maka," ta ja motarta.

Sharni ta ga abubuwa a lokacin. Ta ga yadda Diesel ke tsayawa cak a bakin shinge in tumaki suna wucewa, jikinsa yana rawa. Ta ga ranar da ya cafki bayan rigar sanyin Immy ta ulu ya kayar da ita. Ta gaya wa Brodie. Ya ce wasa ne, ita dai komai tsoro.

Sanyi ya shigo, tumaki suka fara haihuwa.

Wata safiya, gari bai gama wayewa ba, Sharni ta tsaya a tagar kicin za ta ɗora ruwan shayi. Sai ta hango Brodie a bayan garejinsa da tiyo, yana wanke Diesel. Ruwan da ke gangarowa gindin lemo ja ne. Ta ga ya buɗe bakin karen yana zare wani farin abu daga tsakanin haƙoransa, yana cusawa a aljihu.

Ya gama ya kulle Diesel a gareji. Sannan ya ɗauki tsumman da ya goge jinin, ya nufi inda Gus yake ɗaure.

Gus ya ja da baya. Brodie ya narka masa takalmi a haƙarƙari. Karen ya faɗi, bai yi ko ƙara ba. Brodie ya danne wuyansa da gwiwa, ya goga masa tsumman a hanci da ƙirji. Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar.

Sharni ta fito ba takalmi. "Brodie, me kake yi?"

Ya damƙi damtsenta ya matse har ta ji ƙashi. "Kina ji na? Daren jiya ya tsinke igiya. Abin da kika sani ke nan. Ki buɗe baki ki gani."

Kafin rana ta ɗaga, a-kori-kurar Misis Tonkin ta tsaya a ƙofar gida. Ta sauko da bindiga a hannu, wandonta jini har gwiwa. Ta sauke murfin bayan motar.

"Zo ka gani, makaniki."

Tunkiya uku ne a kwance. Ɗaya an yage mata maƙogwaro. Ɗaya hanjinta a waje, da ɗan da ba ta haifa ba. Ta ukun tana numfashi har yanzu, amma an ɗaye mata fatar fuska, ƙafar bayanta tana lilo da jijiya ɗaya.

"Sha ɗaya ne. Sauran suna can. Ko loma ɗaya bai ci ba, wasa yake yi. Na ga baƙin kare ya tsallake shingenka. Ni ba na harbin kare a gidan ubangijinsa, sai dai a miƙo mini shi. Wanne ne?"

Brodie ya yi fuskar tausayi. "Kai, ban ji daɗi ba. Na faɗa wa matata tun farko. Ga shi can, dubi bakinsa. Ki tafi da shi, ki yi abin da ya dace."

"Ɗayan fa?"

"Diesel? A gareji ya kwana."

Shi da kansa ya ja Gus da guntuwar igiyar, ya ɗaga shi ya wurga gaban motar. Immy tana ƙofa tana kuka tana kiran Gus.

Sharni ta dubi Gus a cikin motar. Idon mijinta yana kanta, damtsenta yana zafi. Ta juya ta shiga kicin, ta fito da kwanon Gus da ragowar buhun abincinsa. Ta miƙa wa tsohuwar, kanta a ƙasa.

"Misis Tonkin, sai an jiƙa masa. Ba ya iya taunawa."

Brodie ya yi dariya. "Ji shirme. Karen da zai mutu yau ake wa guzuri?"

Tsohuwar ta kalli Sharni, ta kalli shatin yatsu a hannunta, ta kalli bakin igiyar da wuƙa ta yanke sumul. Ta karɓi kwanon ta sa a mota.

Bayan kamar rabin awa aka ji ƙarar bindiga sau ɗaya daga bayan tudu. Sharni ta zauna a ƙasan kicin ta rungume 'yarta.

Washegari suka tarar da madaurin wuyan Gus a rataye a ƙofar shinge, kamar yadda ake yi a nan in an gama da kare. Tsohuwar ta maƙala 'yar takarda a jiki: Ka ɗaure ɗayan.

Brodie ya ɗaure Diesel kwana tara. A mashaya yana ba da labarin yadda matarsa ta kwaso musu makashi. A kwana na goma ya ce Diesel ya rame, ai mai laifi ya tafi. Ya kwance shi.

Ranar Lahadi da la'asar suna tsakar gida sai suka ji kukan tumaki. Ba irin kukan yunwa ba. Brodie ya waiga, ba Diesel.

Ya tsallake shingen da gudu, so yake ya janye karensa kafin tsohuwar ta gani. Sharni ta tura Immy cikin gida ta rufe, ta bi shi.

A kwarin da ke bayan tudu suka same shi. Tunkiya biyu suna kwance suna shure-shure. Diesel ya danne ta uku, ya kafa haƙora a cinyarta yana girgiza kai, daidai yadda yake yi wa fatar kujera.

"Diesel! Saki! Saki na ce!"

Karen bai ma san da shi ba. Brodie ya kama madaurin wuyansa ya fizga.

Diesel ya saki tunkiyar ya juyo. Ya cafke hannun damansa gaba ɗaya. Sharni ta ji ƙarar ƙashi daga inda take. Brodie ya kurma ihu, ya faɗi da baya, karen ya hau kansa yana girgizawa. Brodie ya yi ta dukansa da hagu a ido, a hanci, a banza. Diesel ya saki hannun ya nufi wuya. Brodie ya tare da damtse, haƙoran suka nutse.

Sharni ta ɗauki wani guntun itacen shinge ta yi ta maka wa karen a baya. Itacen ya karye.

"Matsa, yarinya!"

Misis Tonkin ce. Ta tako har kusa, ta ɗora bakin bindiga a bayan kunnen Diesel, ta danna.

Karen ya faɗi a kan ƙirjin ubangijinsa. Sai da ta sa gindin bindiga ta ɓamɓare muƙamuƙin kafin hannun ya fita. Yatsa biyu ba su fito tare da shi ba.

Ta cire bel ɗinta ta ɗaure masa damtse tamau. Sannan ta sa hannu a bakin mataccen karen, ta zaro ulu mai jini, ta ɗora wa Brodie a ƙirji.

"Ga abin da ake dubawa, makaniki. Ina kiwon tumaki tun ubanka yana fitsarin kwance. Wancan da ka ba ni, bakinsa kamar na jariri. Ko ayaba sai ya yi da gaske."

Brodie yana haki, fuskarsa ta yi fari. "Kin sani?"

"Kai ma ka sani. Kare biyu ka miƙa wa bindiga, ɗaya ne mai laifi. Tashi, kada ka mutu mini a fili."

Ita ta kai shi asibiti a bayan a-kori-kurar, a inda tumakin suka kwanta.

An ɗinke hannun, amma bai koma daidai ba. Sifana ma da ƙyar yake riƙewa. Labari kuma ya zaga gari, domin a ƙaramin gari ba a ɓoye irin wannan. Ya daina zuwa mashaya. Wani lokaci Sharni takan gan shi ta taga yana tsaye a inda ake ɗaure Gus, yana kallon guntuwar igiyar da har yanzu take jikin turke. Bai taɓa cewa ta yafe masa ba. Amma bai ƙara kama mata hannu ba.

Bayan wata guda ta gasa kek ɗin ayaba, ta bar Immy wurin ubanta, ta taka zuwa gidan Misis Tonkin don ta yi godiya.

Ta ƙwanƙwasa ƙofar kicin. Tsohuwar ta buɗe, ta daɗe tana kallonta, sannan ta matsa gefe.

"Shigo, ki rufe ƙofa, sanyi."

A gaban murhu akwai tsohon bargo. 'Yan raguna huɗu marayu, waɗanda aka kashe iyayensu, sun dunƙule suna barci. Abin da suka jingina da shi baƙi ne, babba, kunne ɗaya a yage.

Gus ya ɗago kai. Bai tashi ba don kada ya tada su, wutsiyarsa kawai take bugun ƙasa. A gefensa ga kwanonsa, da abinci a jiƙe.

Kek ɗin ya kusa suɓucewa daga hannun Sharni. Ta durƙusa ta sa fuskarta a wuyansa, ta yi kukan da ta riƙe tun ranar.

"Amma na ji harbi," ta ce.

"Tunkiyar nan ce mai yagaggiyar fuska. Kina tsammani zan bar ta ta wuni a haka?" Tsohuwar ta karɓi kek ɗin ta shinshina. "Da kika ce ba ya iya taunawa, ina shan kwana na tsaya na buɗe bakinsa. Ke ba ki da yawan magana, amma wadda kika yi ta isa."

"Zan iya zuwa in riƙa ganinsa?"

"Duk ranar da kika kawo kek. Amma ki yi tunani kafin ki kai labari gida. Namijin da kunya ta kama, ba a san inda zai sauke ta ba. Karen nan ya sha duka ya ishe shi."

Sharni ta taka zuwa gida a hankali, tana karkaɗe baƙin gashi daga rigarta. Ta yi tunanin Immy, wadda har yanzu take tambayar ina Gus. Amma bakin yaro ba ya riƙe magana. Ta yi tunanin Brodie a gaban turken nan. Wataƙila in ya ji zai yi murna, nauyi ya sauka daga kansa. Wataƙila kuma ya ce karensa ne a dawo masa da shi. Ba ta san wanne ba, kuma ba za ta gwada da ran Gus ba.

Ta same shi a zaune a baranda, hannun a kan cinya.

"Kin daɗe. Me kika gani a can?"

"'Yan raguna," ta ce. "Suna barci."

Ta wuce ciki ta ɗora ruwan shayi. A ranta ta riga ta yanke, ba miji, ba 'ya, ba maƙwabta. Ba wanda za ta gaya wa.

Darasi: Kada ka yanke wa halitta hukunci saboda tabon da ke fuskarta, ka matsa kusa ka duba tukuna. Abin da ka koya wa ƙarami da wasa, da shi zai girma, kuma kai zai fara gwadawa. Wanda ya ɗora laifin ɗan gatansa a kan marar gata, ya tuna alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu shirin kawo dabba gidan da ke da yara, da masu ganin shirun mutum rashin sani ne.